Kyanwarmu ta kamo ɓera da ransa, yarinya ta ƙwace, ya zan yi da shi?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Marwa: "Salam Dokta barka da aiki. Jiya bayan isha'i kyanwarmu ta shigo tsakar gida da ɗan ɓera a baki tana ta wasa dashi, sai ƴata mai shekara 9 ta kore ta ta ɗauke shi ta saka a kwalin sabulu. Babu jini a jikinsa ko kaɗan amma yana jan ƙafar baya ɗaya kuma sai haki yake. Ta hana kowa sakat da kuka wai sai anyi masa magani, babanta kuma yace a jefar. Dan Allah ya zanyi, me zan bashi yaci, kuma zai rayu kuwa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, barkanmu dai, ya hunturun Marwa ya yaran. Allah ya yiwa yarinyar nan albarka, tausayi abu ne mai kyau kar a kashe mata shi da tsawa. Nasan wasu suna karanta tambayar nan zasu kwashe da dariya wai ɓeran da muke cire kuɗi muna sayen guba dominsa shi ake nema wa likita, nima bazan ɓoye miki ba aikina anan Garwa shanu ne da tumaki da kaji sai ɗan abinda ba'a rasa ba na karnuka da kyanwoyi, amma dabba dabba ce, kuma a cikin tambayar taki akwai abinda yafi ɓeran muhimmanci wato lafiyar mutanen gidanki, shi yasa zan ɗan ja zancen kiyi haƙuri.

Kafin ki ƙara leƙa kwalin nan fara kiran yarinyar ki duba hannunta a haske, tsakanin yatsu da gefen farce da bayan hannu, domin wanda ya cire nama daga bakin kyanwa da wuya ya tsira ba yaƙushi, kuma ɓeran da ya tsorata shima yana cizo. In kinga ko ɗan ƙwarzane ne a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, wani ya riƙa zuba mata da buta, har kamar minti 15 ba wankin sauri ba, sannan a shafa Betadine, maganin nan na wanke rauni. Idan haƙori ya huda fata, na kyanwa ne ko na ɓera, ku tafi asibiti yau ɗinnan a duba maganar allurar tetanus da ta ciwon haukan kare. Ƙananan ɓeraye kusan ba'a samunsu da haukan kare, amma kyanwa tana ɗauka musamman wadda ke yawon dare kuma ba'a taɓa yi mata riga-kafi ba. Cizon kyanwa yakan kumbura yayi ja cikin kwana ɗaya, na ɓera kuma akwai wani zazzaɓi da yake biyo baya bayan kwana 3 zuwa 10 da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje, toh in zazzaɓi yazo mata a ƴan makonnin nan kar a tsaya kan cewa ai maleriya ce a sayo magani a bakin titi, a gaya wa likita ƙarara cewa ta taɓa ɓera.

Yanzu maganar "babu jini ko kaɗan", nan ne kowa yake ruɗuwa. Fiƙar kyanwa siririya ce kamar allura, tana shiga ta fita ramin ya rufe gashi ya lulluɓe wurin, ke kina ganin lafiya lau alhali ta riga ta dasa masa ƙwayoyin cuta can cikin tsoka. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella wadda take zaune a bakin mafi yawan kyanwoyi ko da lafiyarsu ƙalau, su bata damunsu, amma in ta shiga jikin ƙaramar dabba kamar ɓera ko tsuntsu ko ɗan tsako sai ta bi jini, cikin kwana ɗaya zuwa uku an gama. Shi yasa zakiga an ƙwace ɗan tsako daga bakin kyanwa yana gudu yana tsattsagar tsaki har ana cewa ya sha, washegari da safe a tarar dashi ya sandare, masu kiwon kaji sun san wannan sarai. Banda haka akwai matsa, ɓeran gida nauyinsa bai wuce giram 20 ba ko ɗan sama da haka, kyanwa kuma kilo 3 ko 4, duk jifan da take yi dashi sama tana taushe shi da dagi haƙarƙari na iya karyewa huhu ya ƙuje hanta ta fashe a ciki ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba. Saboda haka gsky itace mafi yawan ɓerayen da suka shiga bakin kyanwa basa kai labari ko da likita ya sa hannu, gara ki fara shirya zuciyar yarinyar tun yau, kice mata zamu yi iya namu amma raunin ciki gare shi, rai kuma na Allah ne.

Ba mugunta ce tasa kyanwar take wasa dashi ba, haka aka halicce ta, tana gajiyar dashi ne kafin ta kai cizon ƙarshe a ƙeya dan kar ya juyo ya cije ta a hanci, wadda kuma take ƙoshe a gida sau da yawa farautar take so ba naman ba. Kar a doke ta. Da kyanwar Lami ce ba cizo ba yaƙushi ai da ku da kanku zaku fara ƙorafi.

Sai ki gane wane iri ne a kwalin, da ido kawai ba tare da kin juya shi ba. In kinga dogon baki mai tsini da ƴan mitsi-mitsin idanu ga wani wari mai hawa kai toh wannan jaba ce ba ɓera ba, ita ƙwari take ci, ko kin zuba mata gero kwano guda bazata kalla ba, kuma bata jure yunwa, ƴan awoyi kaɗan babu abinci ta mutu, ita in tana iya tafiya sakinta kawai shine taimakonta, dama amfani take mana tana cinye kyankyasai da gyare. In kuma idonsa a rufe yake toh jariri ne bai kai sati biyu ba, domin sai wajen kwana 12 zuwa 14 suke buɗe ido a yaye su a sati uku, irin wannan sai an bashi nono duk bayan awa biyu dare da rana ana shafa masa ciki yayi fitsari, ba aikin da zan ɗora miki bane. Wanda yafi damuna shine na ukun. Akwai ɓeran da yake rayuwa tsakanin gona da gida, masana suna ce masa Mastomys, macen nonuwanta jere suke reras guda 8 zuwa 12 a kowane gefe alhali ta ɓeran gida biyar-biyar ne, yana ko'ina a ƙasashenmu kudu da Sahara, da an kawar da amfanin gona daji ya bushe sai ya biyo hatsi cikin gari, kuma shine yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. Sunan ciwon ma daga garin Lassa ne a jihar Borno ta Najeriya inda aka fara gano shi a 1969, ba wani nisa daga iyakarmu ta wajen tsaunukan Mandara. Ƙasashen da aka san ciwon ya zauna a cikinsu sune irinsu Najeriya, Benin, Gini, Laberiya, Saliyo da Mali, Kamaru bata cikin wannan jerin, bana so in tayar miki da hankali a banza, amma ɓera baya nuna katin shaida a bakin boda, buhunan masara da wake kuma kullum suna ƙetarawa. Ɓeran dake ɗauke da cutar shi lafiyarsa ƙalau, ta fitsari da kashinsa yake zubar da ita, mutum ya ɗauka ta abinci ko ƙura ko rauni a fata, takan ɗauki har sati uku kafin ta bayyana, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu abin baya yi musu tsanani amma sauran yakan kwantar dasu sosai, wasu su warke da kurumta, mai ciki kuwa haɗarinta yafi na kowa. Kuma a Najeriya daidai wannan lokacin na rani daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne yake tashi. Ke da ido bazaki iya raba ƙaramin Mastomys da ɓeran gida ba, nima sai na riƙe shi na duba, toh ki ɗauka kawai kowane ɓera mai haɗari ne. Ko babu Lassa akwai ƙwayoyin cutar leptospira a fitsarinsu da na salmonela a kashinsu, ga ƙuma a gashinsu.

Dan haka sharaɗina dake shine, in za'a yi jinyar nan babba ne zai yi ba yarinya ba, ita ta tsaya daga gefe tana kallo tana miƙo abu. In kina da juna biyu ko akwai mai shi a gidan ko jariri mai rarrafe ko mara lafiya mai raunin jiki, ni shawarata a haƙura da jinyar gaba ɗaya. Safar hannu ta roba daga farmasi, in babu a zura hannu a leda biyu, a rufe hanci da takunkumi ko gyale, ba'a ɗaki ba ba'a kicin ba ba kusa da randa ko rumbu ba, can wani lungu ko zaure inda babu zirga-zirga kuma kyanwar bata kaiwa.

Kwalin sabulun nan bazai yi ba, in ya ɗan farfaɗo cikin dare ɗaya zai ƙwaƙule shi ya fice, ki wayi gari kin yi jinyar ɓarawo kin kuma sauke shi a ɗakin ajiyarki. Ki samu tsohon bokiti mai zurfi ko bidon da aka yanke samansa, ki rufe da ragar taga ki ɗora dutse, domin suna tsalle wajen taku ɗaya kuma duk ƙofar da fensir zai shiga, kamar milimita 6 zuwa 7, suma suna matsawa su wuce. A ƙasa ki shimfiɗa tsumma mai laushi wanda zarensa baya warwarewa, ko takarda mai taushi ki yayyaga, banda auduga tana naɗe musu ƙafa, ki saka ɗan ƙaramin kwali ko guntun kwalin takardar bayi wanda zai shige ya ɓuya. Kar a ɗaga shi ta wutsiya, fatar wutsiyar tana saɓulewa, a tura shi a hankali cikin gwangwani ko kofi a juye. Abu uku yake buƙata a awoyin farko fiye da abinci fiye da magani, duhu da shiru da ɗumi. Zuciyar ɓera ko yana kwance lafiya tana bugawa sama da sau 500 a minti ɗaya, numfashinsa ma yakan haura 100, so wani ɓangare na hakin da kike gani ɗabi'arsa ce wani kuma firgici ne, kuma firgicin kaɗai yana iya kashe shi, duk buɗewar da yara zasu yi su leƙa shi a wurinsa wata kyanwar ce ta dawo. Ki rufa zani akan bokitin ki bar gefe iska na shiga, a duba sau uku ko huɗu a yini ya isa.

Ɗumin kuma ya danganta da lokaci. Yanzu da ake sanyin asuba ki cika gorar ruwa da ruwan ɗumi wanda zaki iya ɗora a kumatunki, ki naɗe da tsumma ki jingina ta a gefe ɗaya na bokitin daga waje, gefe ɗaya kawai dan in zafi ya ishe shi ya matsa, ki sauya in ta huce. Ƙaramin jiki saurin hucewa gare shi, wanda yaji rauni ya firgita sanyi ne yake fara gamawa dashi. Amma da a watan Maris ko Afrilu kika yi min tambayar nan, lokacin da Garwa da Marwa suke haura digiri 40, da cewa zanyi kar ki kuskura ki ƙara masa zafi, inuwa kawai, domin ɓera baya gumi irin namu kuma bokitin roba a rana tanda ne.

Ruwa kafin abinci. Ki bashi kamar awa biyu ya natsu, tunda dai ya kwana yanzu wannan ya wuce, sai ki zuba a murfin gora ki ajiye kusa da bakinsa, murfi ba kwano ba dan kar ya faɗa ya jiƙe. Zaki iya yin ruwan gishiri da suga irin na yara masu gudawa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ki ɗiba daga SRO, wato haɗaɗɗen gishiri da suga na farmasi. In baya iya tasowa ki tsoma tsinken ashana ko bakin sirinji mara allura ki taɓa ɗigo ɗaya a gefen leɓensa ki jira, in ya lasa ki ƙara in bai lasa ba ki ƙyale shi, kar ki ɗura, ɗura tana tafiya huhu ne ta shaƙe shi nan take. Duk abinda lafiyayyen ɓera yake sha a yini bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, abincin ma giram 3 zuwa 4 ne, so kar kiga bai taɓa wani abin kirki ba kice baya ci. Gero ko dawa da aka jiƙa suka yi laushi, ɗan ɓarzajjen masara, guntun gyaɗa mara gishiri, ɗan kunu mai kauri da ya huce, yankan kokumba ko kankana saboda ruwan ciki, shikenan. Banda madarar shanu da ta gwangwani, zawo take sa su, banda abu mai yaji ko mai maggi. Ɓera baya iya amai, abinda ya shiga ya shiga, shi yasa ma guba take cinsu da sauƙi.

Tunda na ambaci guba, ki tambaya ko an zuba maganin ɓera a gidanku ko a maƙwabta cikin satin nan. Sau da yawa ɓeran da kyanwa ta kama cikin sauƙi yana tafe yana layi dama ya riga yaci, mafi yawan na zamani irin mai tsinka jini ne baya kashewa nan take sai bayan kwana 3 zuwa 7. In haka ne shi kam tashi ta ƙare, hankalinki ya koma kan kyanwar, in kinga ta yi laushi dasashinta yayi fari ko jini a kashi ko hanci a garzaya da ita wurin likitan dabbobi, akwai makarinsa bitamin K1 in an zo da wuri.

Rauni in kin hango shi a fili, ki tafasa rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe ba tsororo ba, ya huce, ki ɗiga a wurin da sirinji, ko Betadine da aka sirka da ruwa har ya koma kalar shayi mara kauri. Banda alkol banda javel (ruwan bilic na wanki) banda toka banda baƙin mai, duk na sha ganin an zuba wa dabbobi su wlh kuma ƙona naman suke yi. Ba'a ɗaure wa ɓera bandeji zai cinye shi ne, ƙafa ma ba'a yi masa ɗori, in karaya ce a ƙafa ɗaya zama a ƙuntataccen wuri ba hawa ba tsalle shine ɗorinsa, cikin sati biyu zuwa uku ƙashin yakan kama ko da ya ɗan karkace, da ƙafa uku ma suna rayuwa.

Abinda zai iya tare waccan ƙwayar cutar ta bakin kyanwa antibiyotik ne kuma a cikin awoyin farko, gwargwadon jinkiri gwargwadon raguwar amfaninsa. Nan ne nake roƙonki kar ki yi likitanci da kanki, bari kiga lissafin. Maganin da muka fi ba irin waɗannan ƙananan dabbobi shine enrofloxacin, wajen miligiram 10 ga kowane kilo, ɓera mai giram 20 rabonsa miligiram 0.2 kenan. Na ruwan da ake sayarwa dan kaji mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ɗigo ɗaya tak yana ɗauke da kusan miligiram 5, kinga ɗigo ɗaya ya ninka rabonsa sau 25. Kafso ɗin amoksisilin na mutane mai 500 kuwa ba'a ma magana. Sai an sirka an auna da sirinjin insulin, aikin minti biyar ne a wurin wanda ya iya. Ki nemi ofishin likitan dabbobi na MINEPIA, wato ma'aikatar kiwon dabbobi, mafi kusa daku ko wani likita mai zaman kansa, ku tafi da bokitin a rufe, ƙila a yi muku murmushi, ni kaina wata rana wani yaro yazo min da ɓera a gwangwanin tumatir ya biya kuɗin moto daga aljihunsa, abokan aikina har da riƙe ciki, na sirka masa maganin dai na bashi, bayan kwana biyu ya dawo ido jajur yace ɓeran ya mutu amma ya gode. In babu halin zuwa babu laifi, ayi masa ɗumi da ruwa a bar wa Allah. Kuma parasetamol kar ya kusanci ɓeran balle kyanwar, ita kam ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta bata iya sarrafa shi, an sha kawo min fuska a kumbure dasashi ya koma ruwan ƙasa saboda mai ita yaga kamar tana zazzaɓi ya taimaka mata.

Ga yadda zaki gane inda aka dosa. Kince ƙafa ɗaya yake ja, wannan da sauƙi, amma ki ƙara dubawa da kyau. In duka biyun na baya ne yake ja kamar tsumma, wutsiya bata motsi, fitsari na zuba ya jiƙa masa ciki, toh ta taɓa lakar bayansa kuma wannan baya gyaruwa. Haka in yana numfashi baki buɗe ko kina jin ƙas-ƙas a ƙirjinsa, ko ya kwanta ta gefe jiki yayi sanyi duk da gorar ɗumi, ko ciki ya fashe, ko yana juyi wuri ɗaya kai a karkace. Irin wannan ci gaba da riƙe shi ba tausayi bane jan wahala ne, anan maganar maigida ta fi kusa da daidai, sai dai ba jefarwa za'a yi ba a bar shi tururuwa su ci shi da rai, a gama masa ne da sauri, likita yayi ko wani babba mai ƙarfin zuciya ya saka shi a tsumma bugu ɗaya mai ƙarfi a kai, ba'a gaban yarinyar ba. Banda nutsarwa a ruwa banda tafasasshen ruwa banda kananzir da ashana irin yadda samari suke yi suna shewa. Ni ba malami bane amma abinda duk muka ji a makarantar allo da wa'azi ne, ɓera yana cikin dabbobi biyar da hadisin Nana A'isha ya halatta kashewa ko a Harami saboda ɓarnarsu, so wanda ya kashe baiyi laifi ba, sannan hadisin da Muslim ya ruwaito yace Allah ya wajabta kyautatawa akan komai, in zaku kashe ku kyautata kisan, wani kuma yace akwai lada a taimakon duk mai ɗanyar hanta. Kinga da uban da ƴar kowa yana da madafa, a daina jayayya a tsakar gida.

In kuma kinga yana zaune ya dunƙule amma yana wanke fuska da hannu, abincin yana raguwa, ga ƴan baƙaƙen kashi a ƙasa, yana zabura in an buɗe, toh alama ce mai kyau, in ya haye kwana uku a haka akwai rabon ya sha ruwa gaba. Sai ki shirya da rigima ta biyu dan tabbas zata ce a bar mata shi ta kiwata. A'a. Ɓeran daji baya sabo kamar farin nan da ake kiwo a keji, kullum a tsorace zai zauna, cutar dake jikinsa bata ƙarewa dan ya warke daga cizo, kuma in mace ce ƙila ma da ciki, kwana 19 zuwa 21 suke haihuwa ƴaƴa biyar shida har fiye, ƴaƴan kuma wata ɗaya da rabi sun isa haihuwa, kafin masakwa, dawar rani, ta shigo gida kin tara runduna. Da ya iya gudu ya iya hawa a ɗauki bokitin da magariba a kai shi bayan gari, sama da kilomita ɗaya daga gidaje da rumbuna, ba bayan katangar maƙwabci ba dan Allah, wurin da akwai ciyawa ko duwatsu da zai shige, a kwantar da bokitin a watsa ɗan gero a juyo. Bazan yi miki alƙawarin zai daɗe a can ba, mujiya da maciji suma suna neman na cefane, dama a daji da wuya su cika shekara.

In ya mutu ko bayan an sake shi kar a share wurin a bushe, ƙurar ce matsala. Javel kofi ɗaya ruwa kofi tara, a jiƙa bokitin da tsumman da ƙasan wurin a bari minti biyar zuwa goma sannan a kwashe da leda a hannu, gawar a haɗa da tsumman a binne da zurfi inda kare ko kyanwar bazasu tono ba, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Yarinyar in tana so ta tsaya a wurin binnewar ki barta, yara suna samun sauƙi da hakan.

Ita kuma gimbiyar da ta jawo mana duk wannan, kyanwar dake cin ɓera tana kwasar tsutsar ciki mai faɗi daga jikinsu, a riƙa bata maganin tsutsa mai praziquantel a ciki duk wata uku daidai nauyinta, a yi mata allurar haukan kare duk shekara. Daga ɓera kuma take ɗaukar ƙwayar cutar toksoplasma ta zubar a kashinta, wanda yake iya taɓa ɗan dake ciki, shi yasa mai juna biyu bata kwashe kashin kyanwa, kuma a riƙa kwashewa kullum dan sai ya kwana ɗaya ko fiye yake zama mai harbi. Sannan ɓera ɗaya a bakin kyanwa yana nufin akwai ƴan'uwansa, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari, ki zaga ɗakin ajiyarki ki ɗaga buhuna daga ƙasa kan katako nesa da bango, gari da shinkafa su koma cikin roba ko tukunya mai murfi, kwanukan dare a wanke kar su kwana, ramukan gindin bango a toshe da siminti da ƴar raga, abin shanya kuma a daina barinsa a ƙasa har dare. Gam ɗin ɓera dai bana sonsa ko kaɗan, kwana yake yana kuka yana fitsari akai kuma yara ne suke zuwa ɗauka, tarkon ƙarfe mai kamawa lokaci ɗaya yafi.

Ki duba min ƙafafun bayan nan da wutsiyar yanzu ki rubuto ɗaya yake ja ko biyu, kuma ya taɓa ruwan ko bai taɓa ba, da abinda kika gani a hannun yarinyar. A gaida maigida, a shafa min kan ƙaramar likita.